Wasiƙa zuwa ga ɗana: ku dakata da kunun nan tukuna

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Mu nan Maradi lafiya lau, sai zafin bazara da ya sako kai. Babanka yana gaishe ku, ƙannenka ma haka.

Saƙonka ya iso. Ka ce maigidana ya cika wata 4, yana yawan kuka da dare, matan gidan da kuke zaune kuma sun sa matarka a gaba, wai nono ba ya isarsa, a fara masa kunu, a riƙa ba shi ruwa saboda zafi. Na ga gara in rubuto, don waya ba ta barin mutum ya kai ƙarshen zance. Idan ka gama, ka ba ƴata ta karanta ita ma.

Ku bar shi da nonon uwarsa zalla har ya cika wata 6. Ba kunu, ba koko, ba bauri, ba jiƙo, ba ruwa. Magani kawai idan a gidan likita aka rubuta, da ɗigon rigakafi. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, ita ce kuma muka daɗe muna faɗa wa mata a wajen awo kafin in ajiye aiki.

Na san maganar ruwa ce za ta fi yi wa mutane nauyi. Za su ce wane irin rashin tausayi ne a hana jariri ruwa a watan Afrilu, lokacin da babba ma ba ya rabuwa da bakin randa. Da kyakkyawar niyya suke faɗa, kada ka yi musu tsawa. Amma nono kansa, sama da kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne. Wanda yake fara fitowa idan yaro ya kama shi ne mai kashe ƙishirwa, na ƙarshe shi ne mai maiƙo, mai ƙosarwa, shi ya sa ake son ya tsotse mama ɗaya sosai kafin a juya shi ɗayan. Cikin jariri bai fi dunƙulen hannunsa da yawa ba. Idan ruwa ya cika shi, zai rage tsotso, nono kuwa tsotso ne yake kawo shi. Yau ya rage, gobe nonon ya ja baya, sai a ce ai ga shi, dama ba ta da nono, a kawo kunu. Ga kuma ruwan kansa: ƙwayar cutar da cikinka zai ɗauka ba ka sani ba, shi zawo za ta sa shi. Wadda ke buƙatar ruwa a zafin nan uwarsa ce. Ta sha ta ƙoshi, ta ci ta ƙoshi, ta ba shi duk sanda ya nema, dare da rana. In yana fitsari sau shida ko fiye a yini, fitsarin ba ja ba, layin katin awonsa kuma yana hawa, to nono yana isarsa. Ba kowane kuka ne yunwa ba. Zafi ma yana sa kuka, ƙurajen zafi ma haka.

Kada kuma ku wuce wata 6 ɗin kuna jira. Sinadarin ƙarfe da aka haife shi da shi, wanda ke gina jini, a wannan lokacin yake ƙarewa, nono kaɗai kuma ba ya iya cike gurbin. Za ku ga alama a jikinsa: wuyansa ya tsaya, yana zama in an tokare shi, yana bin loma da ido, yana miƙo hannu kwano, in an sa masa abu a baki ba ya turo shi da harshe.

Abin da ya fi damuna shi ne irin kunun da za a fara masa. Ka tuna 2005, kana makaranta lokacin, yadda mata suka riƙa shigowa Maradi daga Madarunfa, Gidan Rumji, Dakoro da ƙauyukan Tibiri, da yara a goye, zuwa cibiyoyin tamowa na Likitocin Na Gari Na Kowa. Mafi yawan yaran da muke aunawa tsakanin wata 6 da shekara 2 suke. Ka ɗaga yaro ka ji ba nauyi, fatar cinya ta tattare, gashi ya yi ja ya yi laushi, ka sa ma'aunin damtse ya faɗa cikin ja, alamar tamowa mai tsanani. Ka tambayi uwar me yake ci, ta ce kunu. Ta buɗe kwano, sai ka ga ruwan gero tsululu, kana hango gindin kwanon. Yunwar shekarar gaskiya ce, amma ko a shekarun da rumbu ya cika, yaran wannan shekarun ba su daina zuwa ba. Ciki ya cika da ruwa, jiki bai samu komai ba. Abin nan har yau yana ci mini rai, don jiharmu ce ke noma gero da gyaɗa da wake, duk abin da yaro ke buƙata yana cikin gonarmu.

To ga yadda za a yi. A samu gero kashi uku, wake ko waken suya kashi ɗaya, gyaɗa kashi ɗaya. A tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane a zubar, don tana ɗauke da guba mai lahanta hanta. A soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawo, a niƙa tare, a tankaɗe. A dama shi da kauri, yadda in an karkata cokali ba zai zube nan take ba. In ya yi masa kauri, kada a tsinka da ruwa. A jiƙa gero kaɗan ya yi tsiro, a shanya, a daka. Ɗan barbaɗen garin tsiron nan a kunu mai ɗumi yana sassauta shi ba tare da ya rage masa ƙarfi ba. A ƙara ƙaramin cokali na man gyaɗa, da garin zogale da aka busar a inuwa. Zogalen Jiratawa ba ya yankewa a kasuwa, zan aiko muku.

A fara da cokali biyu ko uku, sau biyu a rana, bayan ya sha nono. Zai yamutsa fuska, zai tofar, zai shafe jikinsa da shi. Koyo yake yi, sannu ba ta hana zuwa. Daga wata 6 zuwa 8, sau biyu ko uku a yini, ana ƙarawa har ya kai rabin kofi. Daga wata 9, sau uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar ayaba ko gwanda ko mangwaro nunanne. A dafa kabewa ko dankali a murƙushe masa. Daga lokacin da ya fara cin abinci ne za a riƙa ba shi ruwa, tafasasshe, a kofi. Kwalbar nan mai robar tsotso kada ta shigo gidanka, wankinta ba ya fita.

Ɗura kuwa na hana. Kada kowa ya kwantar mini da jika a cinya, ya toshe masa hanci, ya tara hannu a bakinsa yana kwarara kunu. Na ga yaran da kunu ya bi musu ta hanyar iska ya sauka a huhu. A zaunar da shi, da kwanonsa daban, a ba shi da cokali, ana yi masa magana. In ya kau da kai, a bari, a sake gwadawa an jima. Mai ba shi ta wanke hannu da sabulu, kunun da ya wuni kuma ba nasa ba ne, balle a wannan zafi.

Zuma sai ya shekara, don tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Madarar shanu a matsayin abin sha ita ma sai ya shekara. Shayi, lemon kwalba, alewa, yaji da dunƙulen miya duk ba nasa ba ne yanzu. Gyaɗa ɗaiɗaiku tana shaƙewa, sai niƙaƙƙiya.

Yanzu naka aikin. Ƙwai, hanta, nama, kifi da aka cire wa ƙaya, su ne ke gina jini da ƙwaƙwalwa, kuma daga aljihunka za su fito. Zancen wai ƙwai yana sa yaro sata ba shi da tushe. A dafa shi ya dahu sosai, a marmasa masa a kunu tun daga wata 6. Idan ka tsaya wurin mai tsire da yamma, ka tuna akwai mai haƙƙi a gida, ka yanko hanta ɗanya a dafa masa. Sannan ka tsaya wa matarka. Yarinya ce, haihuwar fari, kunya ba za ta bar ta ta musa wa manya ba. Kai za ka faɗa cikin ladabi cewa haka kuka tsara, in ya so ka ce ni na ce.

Lissafina, zai cika wata 6 ne a farkon damina, lokacin zawo da zazzaɓin cizon sauro. Ya kwana cikin gidan sauro, ya karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida, a ba shi bitamin A, a wata 9 kuma allurar ƙyanda. In ya yi rashin lafiya kada a janye masa abinci, a ƙara nono. Nonon nan ya ci gaba har shekara biyu, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata. Kada ku kawo mini shi yaye kafin nan.

Idan lokaci ya matso zan haɗa garin da kaina in ba direba a tasha, ƴata ta ga yadda yake, daga nan ta ci gaba da yi. Ka ɗauko mini hoton katin awonsa bayan awon wannan wata. Ka gaishe ta da kyau, ka gaida maƙwabta. Allah Ya raya shi, Ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka,
Maradi