Mari a Wurin Aiki: Haƙuri Kawai Za a Ba Ta?

Ranka ya daɗe Edita,

Ina neman ɗan fili in koka kan abin da ya faru da ƙanwata a wata masana'antar leda a Kano. Mai kula da layinsu ya kwaɗa mata mari a gaban mutane don injin ya tsaya, har ɗankunnenta ya yaga mata kunne. Ta kai ƙara wurin manaja da jini a mayafinta. Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba, ya ce, "Ki yi haƙuri, a bar maganar." Sati uku ke nan, wanda ya mare ta yana nan daram, ita kuwa an mayar da ita aikin dare.

Wallahi ya yi mini ciwo. Da farko ta ƙi mu yi magana saboda tsoron kora, kuma ban ga laifinta ba, da albashin take ciyar da mahaifiyarmu.

Yanzu mun karɓi takardar likita, mun rubuta koke da kwanan wata, mun ajiye kwafi, abokan aikinta biyu sun yarda su ba da shaida. Dukan mutum laifi ne a dokar Penal Code, wato dokar hukunta masu laifi, don haka mun je wurin 'yan sanda. Idan kamfanin ya ci gaba da toshe kunne, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano.

A 2022 Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki. Muna roƙon jami'an Ma'aikatar Ƙwadago su riƙa leƙa masana'antunmu ba tare da sanarwa ba.

Naka,
Mai karatu daga Kano