Sanarwa: Zama Kan Batun Fansho Ranar Asabar

Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Za mu zauna ranar Asabar bayan sallar la'asar a inda muka saba haɗuwa a Tudun Wada, saboda tambayoyin da suka yi yawa kan fansho, musamman daga waɗanda suka bar aikin jihar Kaduna suka koma na Tarayya.

A tsarin adashin fansho, asusun ajiyarka naka ne, yana bin ka duk inda ka koma, don haka kada kowa ya buɗe na biyu. Dokar fansho ta Tarayya ta 2014 ta ce ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ɗaukar aiki aƙalla kashi 10. Abin da ya fi damuna shi ne haƙƙin shekarun da mutum ya yi kafin tsarin ya soma: gwamnatin da ya yi wa aiki ce ke biyan sa, kuma sai an bibiya. Iyayenmu da ke tsohon tsarin Tarayya kuwa, PTAD, wato hukumar Tarayya mai biyan ƴan fanshon tsohon tsari, ce ke kula da su.

Don Allah kowa ya zo da takardar ɗaukar aiki, ta canjin wurin aiki, lambar NIN da bayanin asusunsa na baya-bayan nan.

Allah Ya ba mu ikon halarta. Na gode ƙwarai.