Rahoton Sakatare ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Teloli a Abuja: Ayyukan Shekarar 2021

Assalamu alaikum. Mai girma Shugaba, iyayen ƙungiya, da 'yan uwa teloli maza da mata.

An yi taron wata-wata kamar yadda aka saba, in ban da na watan azumi da aka ɗage saboda ɗinkin Sallah.

Abin da ya cinye mana shekarar nan shi ne rancen korona. Tun bayan kullen da aka fara a Abuja ranar 30 ga Maris 2020, wanda ya kai mu cikin azumi kekunanmu a rufe, babu taron da ba a tayar da maganarsa ba. Babban Bankin Najeriya ya fara shirin ne da naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL, magidanci yana iya neman har miliyan 3, mai ƙaramar sana'a har miliyan 25, amma sharuɗɗan ba su tsaya wuri ɗaya ba. Da farko sai mutum ya kawo wanda zai tsaya masa, sannan a watan Yuni 2020 aka janye wannan sharaɗi. Kuɗin ruwa na kashi 5 cikin ɗari an tsara zai koma kashi 9 daga 1 ga Maris 2021, sai aka ƙara wa'adin da shekara guda, zuwa 28 ga Fabrairu 2022. Daga baya aka buɗe tsarin da ba ruwa a cikinsa, wanda dattawanmu da yawa suka ce shi suke jira. Duk sauyin da ya zo, ni da ma'aji muka karanta takardar Turanci muka mayar da ita Hausa a zauren WhatsApp, amma har gobe ana bugo mini waya ana tambayar abin da aka riga aka amsa sau uku.

Da aka sake buɗe shafin neman rancen a watan Maris 2021, kwamiti ya shirya zaman cike fom na wuni guda, kuma ban ga aikin da ƙungiyar nan ta taɓa yi da ya kai shi albarka ba. Tun da hantsi barandar makarantar da aka ara mana ta cika, wasu daga Nyanya da Karu, wasu tun daga Kubwa da Gwagwalada. 'Ya'yanmu ɗalibai suka zo da kwamfutocinsu, wani ɗan uwa ya ɗauko janareton shagonsa da man da ya saya da kuɗinsa, iyayenmu mata suka kawo kunun aya da ƙosai. Akwai dattijon da ya zaro lambar BVN ɗinsa rubuce a bayan littafin awo, a ƙarƙashin tsawon hannu da faɗin kafaɗar wani mai babbar riga, sai da muka natsu kafin mu raba lambar banki da ta awo. A wajen ne muka gano cewa mutane da dama sunan da ke katin shaidarsu ya sha bamban da na banki, muka tura su su gyara kafin a aika. Ba a karɓi ko kwabo a hannun kowa ba, alhali masu shiga tsakani suna neman kaso cikin kuɗin da bai ma fito ba. Aka yi la'asar a wurin, aka tashi gab da magariba. Allah ya saka wa yaran nan da alheri.

Wasu sun ga alat, wasu har yau shiru. Masu cewa kwamiti ya fifita nasa su sani cewa ƙungiya fom ta cike, ba ita ke amincewa da rance ba, kuma ni mai wannan rahoto ina cikin masu jira.

Ga waɗanda suka samu, wannan kuɗi bashi ne. Ana haɗa shi da Survival Fund na Gwamnatin Tarayya, wanda ya ba masu sana'ar hannu naira 30,000 kyauta, alhali ba hanyarsu ɗaya ba. Tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar cire bashinsa daga kowane asusu da ke ɗauke da BVN ɗin wanda ya ƙi biya, don haka sauya banki ba mafita ba ce. Wanda ya sa nasa a keke da yadi, ya fara ware abin biya tun yanzu, kafin ƙarshen Fabrairu 2022 da wa'adin kashi 5 zai cika. Wanda ya sa nasa a biki, ya same mu mu yi lissafi tare.

Injin surfani da aka yi alkawarin saye don amfanin kowa bai samu ba, kuma ba sakaci ne ya jawo ba. Farashin da aka ba mu a farkon shekara ya tashi kafin mu haɗa rabinsa, kuɗin wata kuwa waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabin masu rajista ba. Abin da aka tara yana asusu, ma'aji zai karanta shi dalla-dalla. Katin shaidar ƙungiya ma ya tsaya, domin mai bugawa ba ya karɓar aiki guntu-guntu, hotunan da aka kawo kuma ba su cika ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne fuskokin da muka gani ranar cike fom, waɗanda ba mu sake gani ba sai a zauren waya suna neman bayani. Na taka shago-shago da littafin karɓar kuɗi, a kuɗin motata, ana ce mini maigida ya fita alhali ina jin muryarsa a bayan labule. Kwamiti ya yanke cewa daga Janairu ba za a ƙara bin kowa ba: mai bashin wata shida ya biya wa ma'aji a taron farko na shekara, in ba haka ba a ɗage sunansa daga jerin masu amfani da injin idan ya zo. Masu sauran hotuna su taho da su ranar, guda biyu-biyu.