Zuwa ga Mamana a Yamai, kan littafin da ya hana ki barci

Assalamu alaikum Mamana. Ya karatu, ya zafin Yamai? Mu nan Tawa lafiya lau, sai godiyar Allah.

Innarki ta kunna mini vokal ɗin da kinka aiko mata, na ji muryarki duk ta dishe, wai wani roman, wato littafin ƙagaggen labari, kike karantawa a kan kisan Ruwanda, kin kai wajen da anka rutsa mutane cikin coci kin kasa ci gaba kuma kin kasa ajiyewa, barci ya gagara abinci ma sai a hankali. Ita dai cewa ta yi in ce miki ki maida littafin inda kinka aro shi, mi ya kai ki karatun tashin hankali. Na gane tsoronta, uwa ce. Amma ni ba haka zan ce miki ba.

Kukan da kinka yi ba ciwo ba ne Mamana, zuciyarki ce ke da rai. A 1994 ina jin labarin nan a rediyo, BBC da Muryar Jamus kullum sai sun faɗa, daga Afrilu zuwa Yuli, cikin kamar kwana 100 an kashe mutum wajen 800,000, mafi yawansu Tutsi. Mu da ke zaune bakin rediyo sai mu ce innalillahi mu tashi mu tafi harkarmu, don lissafi ba ya shiga zuciya, wa zai iya riƙe 800,000 a ransa? Shi mai rubuta roman mutum guda yake ɗaukowa ya ba shi suna da uwa da maƙwabcin da suke gaisawa kowace safiya, to ranar da maƙwabcin ya ɗauko adda dole ki ji abin a jikinki. Aikin littafin kenan, kuma ya yi aikinsa.

Kuma kada ki ɗauka wahala can nesa take. Ke ba ki ga 1984 ba, shekarar da mutane ke ce ma El Buhari don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da shugabansu na lokacin, Buhari, ya yi, ga fari ga ba hanyar shigo da abinci. Na ga mata a ƙauyenmu suna jiƙa anza kwana da kwanaki suna zubar da ruwan suna sake wani don ɗacin ya fita, sannan a dafa a ba yara, yaro na ci yana yamutsa fuska uwar na lallashinsa ita kuwa ko loma ba ta kai baki ba. Na ga ana tonon gidan tururuwa don ɗan hatsin da sunka tara. Bisashe kuwa ba a magana, makiyayi ya kawo saniyar da ta kasa tsayuwa a ba shi abin da bai kai kuɗin tiya biyu ba. Kakarki ta ga wannan, ta ga yunwar 1973 zuwa 1974 wadda a cikinta soja sunka kifar da shugaban ƙasa Diori, ta ga ta 2005 bayan fara ta cinye gonaki. Ba ta taɓa zama ta ba ku labari ba, ku ma ba ku tambaya ba. Ko maganar wahaya, wato macen da ake saye a ajiye a matsayin baiwa bayan matan aure huɗu, nan ƙasar Ƙonni anka sayar da Hadijatou Mani tana shekara 12, sai a 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ta gaskiya a nan Yamai inda kike. Su duka ba cikin littafi suke ba, mutanenmu ne. In littafin nan ya sa kinka zo hutu kinka zauna gaban kakarki kinka ce Kaka ba ni labarin yunwa, kuma kinka iya saurare har ƙarshe ba ki ɗauko telefon ba, to wallahi ya biya.

Sai dai komi da ƙa'ida. Ki daina karanta shi da dare ke kaɗai a ɗaki bayan kowa ya kwanta, lokacin ne abu ke girma a kai. Ki karanta da rana inda kike jin motsin mutane, in kin kai wuri mai nauyi ki rufe, ki tashi ki yi alwala ko ki fita ki sha iska bakin kogi, babu wanda ya ɗora miki sai kin ƙare shi a sati guda. In egzame ya matso ki ajiye shi gaba ɗaya, ba gudu zai yi ba. Kuma ki samu wanda za ki yi maganar da shi, ƙawa ko malaminku ko ni, ki kira ni ko da ƙarfe nawa ne. In kuwa kinka ga sati biyu uku ya wuce har yanzu ba barci, ga mugun mafarki, ga faɗuwar gaba, to wannan ya wuce batun littafi, ki je ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Abu guda da nike so ki riƙa lura da shi, ba kowane mai rubuta wahala ke girmama masu wahalar ba. Akwai wanda zai nuna miki mutum da mutuncinsa ko yana cikin ƙasƙanci, har ki ji kamar ɗan'uwanki ne. Akwai kuma wanda jini kawai yake jerawa shafi bayan shafi don a ce littafinsa ya girgiza mutane, mutanen cikinsa ba su da suna ba su da dangi sai gawa. Irin wannan na biyu ki ajiye shi ba tare da wani nauyi a ranki ba, don abin da nike tsoro shi ne ranar da za ki karanta an yanka yaro ki juya shafi kina cin ƙosai ba ki ji komi ba.

In kin ƙare kada ki maida shi tukuna, ki ƙara aron kwanaki ki aiko mini ta hannun mai zuwa Tawa, ina so in karanta mu yi maganarsa in kin zo hutu. Ki kira Innarki gobe da safe ta ji muryarki ta warware, hankalinta ba kwance yake ba. Ƙannenki na gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare.

Babanki