Wasiƙar Zango na Biyu: Maganar Tsallake Aji Shida

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yaranmu,

Assalamu alaikum, barkanmu da sanyi. Hunturun Jos ya kankama, don Allah a riƙa sa wa yara rigar sanyi da safa, a kuma rubuta suna a wuyan rigar, domin kwandon tsintuwa na ofis ya cika maƙil.

Tun da aka buɗe rajistar jarrabawar shiga sakandare, da wuya rana ta faɗi wani uba ko wata uwa ba su shigo ofishina ba. Maganar ɗaya ce: "Malama, yaron nan yana da kai, a bar shi ya zauna daga aji biyar." Wasu ma daga aji huɗu suke nema. Na san da zuciya ɗaya ake yi, na kuma san kuɗin makaranta na shekara guda ba abin wasa ba ne a wannan marra. Duk da haka ba ma goyon baya, ga kuma dalilinmu.

Makon jiya na leƙa ajin 'yan shekara huɗu. Malamarsu ta zuba zoɓo daidai wa daida a kofuna biyu, yaran suka yarda babu wanda ya fi. A kan idonsu ta juye ɗaya cikin wani dogon kofi siriri, ta ce kowa ya zaɓa. Hannuwa suka yi caa a kan dogon. Wata 'yar ƙarama har da riƙe ƙugu, wai ai wannan ya fi yawa. Da aka maimaita a aji uku, dariya suka yi: "Malama, ai ba ki ƙara komai ba."

Wannan gwaji na Jean Piaget ne, masani ɗan Suwizalan da ya rayu daga 1896 zuwa 1980. Ya lura cewa kafin shekara 7 ido ne ke yi wa yaro hukunci. Daga 7 zuwa 11 yana iya auna abu da hankali, muddin yana ganinsa ko yana taɓa shi. Sai wajen 11 ko 12 yake fara juya abin da ba ya gabansa, irin lissafin da harafi ke tsayawa a madadin lamba, wanda ke jiransa tun ajin farko na sakandare. Masanan da suka zo bayansa sun nuna shekarun ba ƙa'ida ba ne, wani yaron kan riga wani. Amma mu da ke cikin aji mun sha ganin ɗan shekara 9 ya haddace amsa tsaf, a sauya tambayar kaɗan ya tsaya cak. Da rarrafe yaro kan tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne zuciyar yaron. Erik Erikson, haifaffen Jamus da ya yi aiki a Amurka, ya kasa rayuwa mataki 8 a littafinsa na 1950, tun daga goyo har tsufa, kowane mataki da tambayarsa. Jariri yana neman wanda zai dogara da shi. Matashi yana tambayar ko shi wane ne. Dattijo yana waiwayen rayuwarsa ya ga ko ta yi albarka. Shi kuwa ɗan firamare, daga wajen shekara 6 zuwa 12, abu ɗaya yake son ya tabbatar: "Na iya." Yaron da ya saba zuwa na ɗaya, a ɗauke shi a jefa cikin waɗanda suka ba shi shekara biyu ko uku, ya wayi gari shi ne ƙarami a layi, shi ne na baya a fili, me kuke zaton zai gaya wa kansa? Akwai wani yaro da ya bar mu daga aji huɗu, mai surutu kamar aku. Da ya zo gaishe mu bayan shekara guda, kansa a sunkuye har ya tafi. Na kwana da abin a raina.

Ga kuma tarbiyya. Lawrence Kohlberg, Ba'amurke, ya nuna cewa ƙaramin yaro yana gudun laifi ne don tsoron hukunci, daga baya ya koma neman yardar mutanen da ke kewaye da shi. A makarantar kwana, mutanen nan su ne manyan ɗalibai. Idan ma komai ya tafi daidai, wanda ya shiga da shekara 9 zai gama da 15, alhali 16 ce mafi ƙarancin shekarun da hukumar JAMB ta tsayar don shiga jami'a.

Yaran da suka yi zarra ba za mu bar su suna hamma a aji ba. Za mu ƙara musu aiki mai nauyi, mu damƙa musu ɗakin karatu da koya wa ƙannensu karatu ranar Laraba.

Za mu zauna kan wannan batu a taron iyaye da malamai, Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe 10 na safe. Wanda bai gamsu ba ya zo mu yi magana ido da ido, a zo mana da kakanni ma idan da hali.

Taku,
Shugabar Makaranta