Mijina Ɗan China Ne, Dangina Sun Mayar Da Shi Abin Zolaya

Assalamu alaikum Anti,

Da fatan kin wuni lafiya, ya aiki? Ni mai sauraron shirinki ce daga Kano. Akwai abin da na daɗe ina haɗiyewa, yanzu ya tsaya mini a wuya.

Mijina ɗan China ne, mutumin Linxia a lardin Gansu, ɗan ƙabilar Hui. Musulmi ne tun iyaye da kakanni, kuma mutanensu sun haura miliyan 10 a ƙasar China. Amma har gobe a danginmu cewa ake yi don ya same ni ya yi kalmar shahada. An ɗaura mana aure ba da daɗewa ba bayan kisan da wani ɗan China ya yi wa wata budurwa a Janbulo a 2022, don haka na sha jin "ki dai riƙa kwana da ido ɗaya". Baba ya yi bincikensa, ya ga yadda yake sallah da mu'amala, sannan ya ba shi ni. Ban taɓa nadama ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ranar sunan ɗanmu, watan jiya. Gwaggo, yayar Baba, ta karɓi jaririn, ta yaye tawul ɗin, ta ce a gaban mata, "Wannan idon zai buɗe kuwa? Allah dai ya sa ba irin kayan China ba ne, a saya yau, gobe ya lalace." Tsakar gida ta ɗauki shewa. Wata ta ƙara da cewa a duba naman sunan, ko rago ne ko kare. A daidai lokacin mijina yana bakin ƙofa da katan ɗin lemo a hannu, kuma yana jin Hausa sarai. Ya ajiye, ya gaishe su, ya fita. Ni ko uffan ban ce ba, kuma shirun nan nawa ya fi komai ci mini rai.

Da daddare ya ce, "Ni na saba. Amma yaron fa, haka zai tashi yana ji daga bakin kakanninsa?"

Na kai wa Mama kuka, ta ce wasa ne, in yi haƙuri. Anti, na san wasa. Na ga na taubasai, na ga na Fulani da Barebari: a ba ka, ka rama, a yi dariya tare. Shi wa zai rama wa?

To ya zan yi? Gwaggo uwa ce, ba zan iya mayar mata da magana cikin jama'a ba. In same ta ita kaɗai a ɗaki, ko in bi ta hannun Baba, a ce na haɗa 'yan'uwa faɗa saboda miji? Kuma wace amsa zan riƙa ba sa'o'ina, wadda ba zagi ba, amma za ta sa su daina? Bikin ƙanwata na tafe, ya ce zai kai mu ya jira a mota.

Taki,
Mai sauraro daga Kano