Amsa Ga Malamin Da Ya Ce Soke Kuɗi Fenti Ne Kawai

Malam, salamu alaikum.

Ka tambaye ni a bainar jama'a: mene ne soke kuɗi in ba sauya wa takarda launi ba? Ka ƙara da cewa mu masu rubutu kan harkar kuɗi sai da aka sha wuya muka iya magana, wai don muna cin tuwo a gindin bankuna. Maganar tuwo na bar ka da ita. Wanda ya yi ta tafi lokacin sauya takardun naira a 2022 ya fi kowa sanin inda aka dafa shi.

Sauya fasali daban, karya daraja daban, sokewa daban. Takardar naira alkawari ce daga Babban Banki, doka kuma ta tilasta wa mai bin bashi ya karɓe ta. Sokewa shi ne a sa rana, daga ranar doka ta janye wannan tilas. Takardar tana aljihunka lafiya lau, amma mai shayi yana da ikon ya mayar maka. Kakanninmu sun ga haka game da wuri, ƙwanson nan na teku da ake ciniki da shi a da, wanda jam'insa ne ma ya ba mu kalmar kuɗi: Turawa suka hana shigo da shi, suka ce haraji sai da sulalla, buhunan wuri suka koma kayan ado.

Abin da ke sa sokewa ta yi kyau abu ɗaya ne, a buga sabo ya wadata kafin a kashe tsoho. Duba lissafin. Ran 26 ga Oktoba 2022 aka sanar da sabbin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sai 15 ga Disamba suka fito, wa'adin tsofaffin kuma 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kuɗin da ke yawo sun haura tiriliyan 3, kafin ƙarshen Fabrairu suka faɗo ƙasa da tiriliyan 1. An kwashe ruwan randa ba a zuba wani ba. Mace ta kai akuya kasuwar ƙauye, mai saye ya ce sai ta tiransifa, ita ko asusu ba ta da shi, ta ja akuyarta gida. Mai POS kuwa yana sayar maka da kuɗinka.

Batun kama ɓarayin da suka ɓoye kuɗi, wanda ka kafa hujja da shi, Indiya ta gwada a Nuwamban 2016, ta soke takardun kuɗinta na rufi 500 da 1,000, fiye da kashi 99 cikin ɗari suka dawo banki.

A nan gida kuwa, sai da Kaduna da Kogi da Zamfara suka je Kotun Ƙoli, ran 3 ga Maris 2023 ta maido da tsofaffin. Ba a maido da abin da ba a soke ba, Malam. Kuma har yau ban ji kun tambayi wanda ya sa hannu a sokewar ko takardu nawa ya buga kafin ya sa rana ba, sai mu da muke ƙirga muku.

Na gode.